Kwalbar Dorila

Malam Nemesio ne ya karanta mana takardar
a ajin 'yan firamare, da tocila,
don injin wuta ya mutu tun Laraba.
Shafi goma sha tara.
Daftari ne, in ji shi, ba doka ba tukuna:
ƙwai ne, ba a san ko zai ƙyanƙyashe ba.

Sashe na bakwai ya ce in bututu ya fashe
kamfani ya kai rahoto cikin awa arba'in da takwas.
Tsoho Abelardo ya ɗaga hannu kamar ɗalibi:
"Kifi fa? Wa zai ce masa ya riƙe numfashi kwana biyu?"
Aka yi dariya.
Ni ban yi ba.

Na tuna safiyar da na sauka wanki
na tarar Marañón ya sha baƙin kwalli,
bakan gizo kwance a kan ruwa, babu ko hadari.
Kifaye sun yi rigingine, farin cikinsu a sama,
irin farin cikin da ba a yi wa guɗa.
Jikata Yesenia ta kurɓa kafin in kai gare ta.
Har yau fatarta na saɓewa kamar ɓawon rogo.
Kamfani ya aiko da shinkafa buhu shida
da bokitai, samari su kwashe mai da hannu.

Aka ce ni zan je, tunda bakina ba ya da linzami.
Na cika kwalba a inda muke ɗiba,
na naɗe ta cikin siket ɗina na zuwa coci.
Kwana biyu a jirgin ruwa zuwa Yurimaguas,
sannan mota ta hau duwatsu da mu
har kunnena ya toshe, har na manta ɗumi.

Lima gari ne da sama ke ɗaure fuska
amma ba ta zubar da hawaye.
A ƙofar majalisa wani yaro mai kaki
ya zazzage jakata.
"Wannan fa, iya?"
Na ce ruwa ne.
Ya buɗe, ya shaƙa, ya kau da kai.
"Ba a shiga da abu mai haɗari."
Na ce, shi muke sha.
Ya daɗe yana duban takalminsa.

A ciki rabin kujeru babu kowa.
Gaban kowane wakili da ruwan gora
mai hoton tsauni da ƙanƙara.
Wani mai taushin murya ya miƙe,
ya ce shi ma yana son koguna,
gyara kaɗai yake nema, ɗan ƙanƙani:
inda aka rubuta "dole"
a sa "gwargwadon iko".
Na san irin wannan ƙanƙanta.
Hudar ƙusa ce ta nutsar da kwalekwalen mijina.

Suka yi ta ja har la'asar,
aka buga guduma,
aka ɗage zama sai bayan hutu.

Da zan fita yaron ya miƙo mini kwalbata,
ya naɗe ta da jarida.
Ya ce uwarsa 'yar bakin Ucayali ce.
"In kin dawo, iya, ni ke gadin Alhamis."
Bai ƙara komai ba. Ni ma ban tambaya ba.

Yanzu tana kan kanta, kusa da gishiri.
In ta kwana, ruwa ya kwanta ƙasa, ya yi kamar mai tsabta,
mai ya hau sama ya zauna, shi ba ya yarda da ƙasa.
Kowace safiya kafin in hura wuta
sai na girgiza ta,
kada ta saba,
kada ni ma in saba.